Haƙoran da Aka Yi wa Mai Kushin

Bakin Mai Kushin a karkace yake, kuma ba haka aka haife shi ba, sana'a ce ta mai da shi haka. Tun yana saurayi yake gyaran kujeru a wani ɗan shago da ke manne da gidansu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon masu wannan aiki ya san inda suke ajiye ƙananan ƙusoshi, wato a baki. Hannu ɗaya na jan yadi, ɗaya na riƙe da guduma, to ina kuma za a sa ƙusa? Sai ya dumbuza ya watsa a kumatun hagu, ya riƙa turo su ɗaya bayan ɗaya da harshe yana cafkewa. Yau da gobe, muƙamuƙinsa na ƙasa ya koyi zamewa hagu, ya zauna can ya ƙi dawowa.

Matarsa, wadda kowa a layin yake ce wa Inna har da shi kansa, ba ta gajiya da tsokanarsa a kan haka.

"Malam, bakinka ya riga ka shan kwana."

"Ai a haka kika gani kika ce kina so."

"Ni? A miƙe na auro shi. Kai ka lanƙwasa mini kaya."

Haƙoransa na haihuwa sun zube tun Auta, 'yarsu ta ƙarshe, tana makaranta. Ƙusa ta ci wasu, ciwon suga ya ƙarasa sauran. Aka yi masa na roba, sama da ƙasa, suka zauna a bakinsa shekara da shekaru suna shan aiki. Samansu ya lashe ya yi sumul, gefen hagu kuwa ya cinye har ya yi gangare, kamar matakalar da ƙafafu suka daɗe suna takawa. Ba su da kyan gani ko kaɗan. Amma yana ci da su. In yana tauna ba sara yake yi ba, niƙa yake, na ƙasa suna goga na sama daga dama zuwa hagu da wata 'yar ƙara, ƙurrr, ƙurrr. Daga kicin Inna take jiyo ƙarar nan, ta san abinci ya karɓu.

Ran nan da safe ya gatsa gefen busasshen burodi, sai haƙoran saman suka rabe biyu a bakinsa. Auta ta zo da rana daga wajen aikinta, ta ɗaga ɓarin da ɗan yatsa biyu tana yatsine fuska.

"Baba, don Allah wannan ka ke sawa a baki? Ko kare aka jefa wa sai ya sunsuna ya wuce."

"Karen bai san daɗinsu ba ne."

Ta naɗe su duka a tsohuwar jarida ta jefa a kwandon shara, ta ce gobe za ta kai shi a yi masa sababbi, irin na mutane. Bayan ta tafi Inna ta tona kwandon ta ciro na ƙasan, wanda bai karye ba, ta wanke ta jefa cikin gwangwanin maɓallai. Ba don ta san amfanin da zai yi ba. Kawai ta ga abin da ya daɗe haka a bakin mutum bai kamata ya kwana da ɓawon albasa ba.

Asibitin haƙorin a saman bene yake, ɗaki fari tas mai warin magani, da kujera mai kwanciya da fitila a rataye a kanta. Kafin Mai Kushin ya zauna sai da ya shafa fatar kujerar, ya bi ɗinkin da babban yatsa.

"Wanda ya ja wannan fatar, ranar bai karya ba."

Likitar ta yi dariya. Yarinya ce sa'ar Auta, mai sanyin hannu da sanyin magana. Ta leƙa bakin, ta latsa dasashin ko'ina, sannan ta ce, "Ina tsofaffin?"

"Mun zubar, Likita," in ji Auta.

"Kash. Da kun kawo mini ko a karye ne. Su ne suke gaya mini yadda mutum yake tauna."

Inna ta buɗe baki, ta dubi Auta da ke tsaye cikin kayan ofis, ta tuna yadda abin nan ya yi baƙi-baƙi ya lashe, sai ta ja bakinta ta rufe. Ina za ta ƙaryata 'yarta a gaban mutane, kuma a kan me, a kan abin da ta tsinto daga shara?

Suka yi ta zuwa suna komawa. An cusa masa wani abu mai danƙo an ɗauki siffar dasashi, an sake, an gyara. Sai ranar awon cizo ta zo. Likita ta sa masa wasu dunƙulen jan kaki, irin kakin zuma, sama da ƙasa, a madadin haƙoran da za a jera.

"Baba, saki jikinka. Rufe bakin a hankali, yadda ka saba, kamar kana zaune a gida."

To shi fa Mai Kushin mutum ne da in zai je gaban likita sai ya sa rigarsa mafi kyau, ya yanke farce. Ga yarinya sa'ar 'yarsa ta sunkuyo tana kallon bakinsa da fitila, shi kuma ya sake mata karkataccen baki? Inna na zaune a kusurwa tana kallo. Ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe, ta ga ya jawo muƙamuƙin nan da ƙarfin tsiya ya kawo shi tsakiya, ya dasa.

"Buɗe. Sake rufewa."

Ya sake kawo shi wurin, ba kuskure. Ta sa shi ya haɗiye yawu, ta sa shi ya kai harshe can baya, ta ja shi da hira ta sake cewa rufe. Duk a nan yake sauka. Mutumin da ke jera ƙusa a bayan kujera ba tare da ya ja layi ba, wannan ne zai gagare shi?

"Nan ne wurin zamansa, Baba?"

Ya gyaɗa kai.

Inna kuwa abin da ta gani ya hana ta magana. Kakin ya ciko masa kumatu, haɓa ta daidaita da hanci, sai ga fuskar saurayin nan da ya taɓa kawo wa mahaifinta gyararriyar kujera a ka, ya tsaya a ƙofa yana satar kallonta. Ta ɗauka fuskar nan ta tafi ke nan. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi. A ranta ta ce, watakila sababbin su miƙar da shi.

Likita ta kawo haƙora iri biyu a faranti. Wasu masu tudu da kwari da 'yan tsinaye, kamar na haihuwa. Wasu kuma samansu a shimfiɗe.

"Masu tsinin nan sun fi yanka," ta ce, "amma suna son muƙamuƙin da ke sauka wuri ɗaya kullum, kamar murfi a bakin tukunya, tudun wannan ya faɗa kwarin wancan. Shimfiɗaɗɗun ba su da kaifi sosai, sai dai suna barin baki ya yi yawonsa. Tunda cizon Baba a tsaye yake, dasashinsa kuma da sauran tudu, kowanne zai yi."

"Masu tsinin," in ji Auta. "Baba da nama ba a shiga tsakani."

Ranar da aka sa masa su, maƙwabta har leƙowa suka yi. Auta ta ɗauke shi hoto ta tura wa yayyenta. Inna ta dafa nama ya yi laushi, ta zuba masa, ta koma kicin ta kasa kunne.

Ba ta ji ƙurrr ba. Ƙwas ta ji, sai shiru, sai kuma ƙwas.

Abin da ke faruwa shi ne, da abinci ya shiga baki sai muƙamuƙin ya manta da kunya ya nufi hagu, hanyarsa ta kullum. A can kuwa babu kwarin da zai karɓi tudu. Tsini ya hau kan tsini, na ƙasa ya ɗaga ta dama, na sama ya saki ya faɗo, gefen robar ya daki dasashi. Ya tsaya ya mayar da su da yatsa, ya sake gwadawa. Da Inna ta fito ɗaukar kwano, naman na nan, an tattauna gefe an ajiye.

"Bai dahu ba ne, Malam?"

"Ya dahu. Sabon takalmi ma sai an saba."

Haka Likita ta ce, sai an saba, amma ta ce in ya ji ciwo a dawo. Da miki ya fito a dasashin ƙasa suka koma. Ta sa masa wata siririyar takarda mai shuɗi tsakanin haƙoran ta ce ya ciza. Ya miƙe wuya ya ciza a tsakiya. Shuɗin ya fito ɗigo-ɗigo, daidai wa daida, dama da hagu.

"Cizon kam ya zauna," ta ce tana kallon mikin. Ta rage gefen robar da ke gogar wurin, ta ba da maganin kurkure baki. "Baba, in kana ci, ina suke dukanka?"

"Ba sa dukana, 'yata. Aikinki ya yi kyau."

Shi a wurinsa, ka ce wa mai sana'a aikinsa bai yi ba a gaban mutane, ya fi zagi. Mikin ya warke a nan ya fito a can.

Daga nan abinci ya fara raguwa. Nama ya fita, shinkafa ta fita. Aka koma dankalin da aka murƙushe, sai burodin da aka jiƙa a shayi, sai shayin kawai. In ya cire haƙoran ya ce zai ci da dasashi, mikin ba ya barinsa. Ga maganin suga yana sha a kan cikin da babu komai, sai jiri ya riƙa ɗibarsa da hantsi. Wata rana Inna ta same shi zaune a ƙasan shago ya jingina da wata kujera da ya feɗe, gumi ya jiƙe masa riga, guduma na gefe. Wandonsa ya fara zamewa, ya huda wa bel ɗinsa sabon rami da abin huda fata, bayan kwana kaɗan ya sake huda wani.

Amma in ya ji sallamar Auta, sai ya lalubo haƙoran daga kofi ya sa, ya daidaita baki, ya yi mata murmushi fari tas.

"Baba, ka rame fa."

"Uwarki ce ta koma rowa."

"Inna, ki riƙa ba shi abinci mana. Ga haƙora an yi masa."

Inna ta ce to.

Wani yammaci ta jiyo ƙarar magagari daga shago, amma ba irin ƙarar katako ba ce, ta fi ta siriri. Ta leƙa. Ya matse haƙoran ƙasan tsakanin gwiwoyinsa a cikin tsumma, yana goge tsinayen gefen hagu, farin gari na zuba a kan wandonsa. Magagarin ya zame ya ci inda bai nufa ba, ya sake bi don ya daidaita, ya ƙara ci.

"Malam! Me ka ke yi haka?"

Bai ɗago ba. Bakinsa ba haƙora, maganar ta fito a lauye. "Hanya nake buɗe musu. Sun tare mini hanya."

Ya kurkure su ya sa, ya motsa baki. Yanzu hagu ta yi ƙasa da yawa, dama kaɗai ke haɗuwa, abin ya riƙa lilo kamar kujera mai gajeriyar ƙafa. Ya cire ya duba su ya daɗe, sannan ya ajiye a kan teburin aiki cikin ƙusoshi, ya juya mata baya.

Ita kuwa idonta na kan wurin da ya goge. Gangare ne yake nema ya yi, daga dama zuwa hagu. Ta san gangaren nan. Yana cikin gwangwanin maɓallai.

Washegari ta hau benen ita kaɗai, tana hutawa a kowane sawu. Ta kwance bakin mayafi ta ajiye abu biyu a kan teburin Likita, tsohon da sabon da aka lalata.

Likita ta ɗauki tsohon ta kai saitin idonta, ta juya shi, ta bi gangaren da yatsa. Fuskarta ta canja.

"Mama, wannan na waye?"

"Nasa ne."

"Wannan ba bakin da na auna ba ne. Mai wannan haƙoran niƙa yake yi, kuma can hagu yake ƙarewa. Dubi nan, ya cinye kusan rabi, dama kuwa da sauranta."

"Haka bakinsa yake. A gabanki ne yake miƙar da shi."

"Kullum?"

"Kullum. Ina zaune ina gani."

Likita ta dube ta. Inna ta jira faɗa, har ta fi son a yi mata faɗan. Amma yarinyar ta sauke numfashi kawai ta ce, "Ni ma da mikin ya ƙi jin gyara ya kamata in tsaya in ga yana cin wani abu da idona. Yaushe bakin yake tafiya can?"

"In yana ci. Ko in yana aiki."

"To a kawo shi gobe. A zo da abin aikinsa."

Sai da Auta da direban tasi suka riƙe shi kafin ya hau benen. Tun da Inna ta gaya wa Auta gaskiyar abin da ya faru, idon Auta ya kumbura. Da Likita ta duba bakin, ta ga dasashin ya janye ya kwanta saboda rama, dole a sake ɗaukar siffa tun daga farko. Ranar awon kaki kuwa, da ta ce ya rufe, sai jijiyar wuyan nan ta sake miƙewa.

Inna ta tashi daga kusurwa. Ta ciro ƙaramar gudumarsa daga jaka, da guntun katako da ƙyallen yadi, ta ɗora masa a cinya.

"Malam, ja mini wannan. Ya yi tattara."

Ya harare ta, bakinsa cike da kaki. Amma hannun ya riga ya kama yadin. Ya ja, ya shafa, ta miƙa masa ƙusa ɗaya a hannu, ya saita. Yana ɗaga guduma muƙamuƙin ya sulale hagu ya zauna a gidansa. Likita ta sa hannu a hankali ta riƙe haɓar a nan, ta yi wa kakin alama.

"Shimfiɗaɗɗu za mu sa," ta ce, "masu ɗan taushi, waɗanda zai iya cinyewa yadda yake so. Ba za su yi kyau kamar wancan ba."

"A sa," in ji Auta.

Haɗa haƙora ba aikin yini ɗaya ba ne, jikin kuma bai tsaya jira ba. Kafin su fito, mikin ƙasan harshe ya yi ruwa, zazzaɓi ya shiga, sugan ya rikice, aka kwantar da shi a babban asibiti aka sa masa ruwa. Da aka sallamo shi gado ya koma, ba shago ba. Wata kujera na can a feɗe, sosonta a waje, mai ita ya zo ya gaji ya ɗauke abarsa.

Likita da kanta ta kawo haƙoran gida da rana, a cikin 'yar roba da ruwa. Aka tada shi aka jingina da matashi. Ta sa masa, ta ce ya rufe. Bai da ƙarfin yin kunya yanzu. Bakin ya tafi hagu, haƙoran suka bi shi, ba abin da ya ɗaga, ba abin da ya faɗo.

Inna ta gutsuro tsakiyar burodi mai laushi ta sa masa. Ya riƙe shi a baki kamar ya manta abin da ake yi da shi. Can sai muƙamuƙin ya motsa.

Ƙurrr.

Auta ta toshe bakinta ta fita tsakar gida.

Ya tauna, ya haɗiye da ƙyar. Ya dubi Inna da idanun da suka faɗa ciki.

"Waɗannan nawa ne."

"Naka ne, Malam. Bakinka ya sake shan kwana."

"A haka kika gani."

Ta gutsuro wani ta miƙa. Ya kau da kai.

"Anjima."

Ta dafa nama ya yi laushi har yana rabewa da cokali, ta dafa ƙwai, ta yi romo. Yakan karɓi loma ɗaya ko biyu don kada ta ji haushi, ya niƙa a hankali, sannan ya ce anjima. Cikin ya riga ya rufe. Haƙoran sun zauna daram, ba su fito masa da miki ko ɗaya ba, sai dai mai su ya daina jin yunwa. Bai daɗe ba bayan haka, da wani hantsi, Inna ta shigo da shayi ta tarar ya tafi, bakinsa a karkace hagu.

Bayan mutane sun watse, gida ya yi shiru, ta ɗauko kofin da ke gefen gado don ta zubar da ruwan. Ta ciro haƙoran ta goge da bakin zane, ta kai su bakin taga wurin haske. Sababbi ne ful, ko'ina dusu-dusu yadda aka kawo su. Sai a can ƙarshen hagu, a kan haƙorin tauna ɗaya, ta ga wani ɗan wuri da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya fara sheƙi. Ya soma cinye su ke nan.

Ta shafa wurin da babban yatsa, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta buɗe gwangwanin maɓallai ta sa su kusa da tsohon, ta mayar da murfi.